Yadda za ku tsara gine-ginen unguwa idan kuna maƙwabtaka da bes ɗin sojan sama

Wani dattijo a layinmu ya kai gininsa har dekin na biyu, an ɗaure rodi, kafinta ya gama buga katako, saura kawai a zuba kankare ranar Asabar, sai aka wayi gari ranar Alhamis da jan fentin hukuma na tsayar da gini a jikin katangarsa. Da na fito zan tafi aiki na same shi zaune kan bulo da fayil a cinya, ya ce min, "Malam Sakatare zo ka duba min takardun nan don Allah, ni dai ban ci haƙƙin kowa ba." Na ce, "Baba kawo mu gani." Takardar ciniki ce mai sa hannun shaidu huɗu, sai rasit ɗin dillali, sai wani zane da aka ce safiyo ne ya yi amma ko hatimi babu. Shikenan. Kuɗin sallamarsa na aiki ne gaba ɗaya ya zuba a wurin, kuma filin yana daidai saitin da jirage ke bi in za su sauka, muna tsaye ma wani ya zo ta kanmu sai da muka yi shiru ya wuce sannan muka ci gaba da magana. Dillalin kuwa tun ranar layinsa ya daina shiga.

Abin ya tsaya min a rai wallahi, shi ne dalilin da muka kafa kwamitin tsara unguwa, kuma abin da muka koya shi nake so in zayyana wa 'yan uwa da ke zaune a hanyar iyafot ta Abuja, su Lugbe da Gosa da Sauka da Bassa, da ma na Mando a Kaduna ko Makurɗi ko Maiduguri da ke da sojan sama a maƙwabta. Babban abin da za ku fara sa wa a ranku shi ne maganar ƙasa da maganar sama ba a ofis ɗaya suke ba, kowane ofis da iyakar hurumin da doka ta ba shi, toh ku mazauna wurin ku ne za ku ɗauki ƙafa ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku haɗa amsoshinsu a fayil guda, kuma ku yi hakan tun kafin a haƙa fandisho.

Ku fara da sanin wa ke da ta cewa a kan me. A Abuja ƙasa gaba ɗaya ta gwamnatin tarayya ce tun dokar 1976 da ta kafa birnin, Ministan Abuja ne kawai ke ba da fili, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar da haka a shari'ar Madu da Madu a 2008. Saboda haka takardar mai unguwa ko ta dillali shaida ce dai ta cewa kuɗi sun fita daga hannunka, amma ba ta mallaka maka komai ba. Masu takardun ƙaramar hukuma irin na AMAC, wato ƙaramar hukumar birnin Abuja, su ma sai an tantance musu, kada mutum ya zauna ya ce ai ina da takarda. Hukumar AGIS ita ke riƙe da bayanan filayen Abuja tun 2003, can za ku je da lambar fayil ku biya a yi muku sachin, wato binciken fayil, a gaya muku sunan wa ke kai da kuma abin da aka ware wurin dominsa, gida ne ko kasuwa ko gona ko an bar shi ne saboda filin jirgi. Izinin gini na wurin Development Control, sashen da ke sa ido kan gine-gine a Abuja. Tsawon gini da turken sabis kusa da filin jirgi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ce ke ba da takardar amincewa, hukumar NAMA na kula da hanyoyin sama da na'urorin da ke yi wa jirgi jagora, hukumar FAAN na da filin jirgin kansa. Su kuma sojan sama nasu shi ne iyakar bes da tsaronsa da atisayensu. Soja ba ya ba ka izinin gini, kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce ya san wani oga a ciki, amma fa in gininka ya leƙa musu ko ya matse katangarsu suna da bakin magana kuma za a saurare su. A Abuja ɗin ma titin jirgi ɗaya ne ake amfani da shi, na fasinja da na soja da jiragen shugaban ƙasa duk a kansa suke tashi, shi ya sa a 2017 da aka rufe shi na sati shida don gyara sai da aka karkata jirage zuwa Kaduna.

Daga nan sai taswira, kuma nan ne nake so ku kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba. Ku yi karo-karo ku ɗauko safiyo mai rajista, ba yaron da ke yawo da tef da waya ba, ya ɗauki kodinet, wato lambobin da ke nuna wuri a taswira, na kusurwoyin unguwar duka da manyan layuka da makarantu da masallatai da coci da kasuwa da inda bola take, sannan ku ce masa ya ja layi daga tsakiyar titin jirgin ya miƙe da shi ta kan unguwar. Wannan layin shi ne komai. Titin na Abuja tsawonsa ya ɗan haura kilomita uku da rabi, kuma jirgi ba ya sauka ta gefe, ta bakin titin yake shigowa ta bakin yake fita, toh duk wanda ke kan wannan saitin shi ne a ƙarƙashin jirgi a lokacin da ya fi kusa da ƙasa. Jirgi mai sauka yana gangarowa ne a kan digiri 3, ma'ana in saura kilomita ɗaya ya taɓa ƙasa tsakaninsa da ƙasa bai fi mita 50 da 'yan kai ba. Ranar da safiyonmu ya shimfiɗa takardar a kan tabarma a ƙofar masallaci bayan la'asar kowa ya sunkuya yana laluben gidansa da yatsa, wasu da suka ga jan layin ya bi ta kan rufinsu sai jikinsu ya yi sanyi, amma gara a sani.

Sojan Amurka tun 1973 suke da wani tsari na raba ƙasar da ke bakin titin jirgin yaƙi gida uku, bayan sun bi diddigin inda jiragensu suka fi faɗuwa suka ga yawanci a bakin titi ne da kan wannan miƙaƙƙen layi. Kashin farko ƙafa 3,000 ne a miƙe daga bakin titin, faɗinsa ma ƙafa 3,000, nan ba a gina komai. Na biyu ƙafa 5,000 ne a gaba, ana barin sito da ƙananan masana'antu da ba sa tara mutane amma ban da gidan kwana. Na uku ƙafa 7,000, ana yarda da gidaje jefi-jefi ba cunkus ba. In ka haɗa ƙafa 15,000 kenan, wajen kilomita huɗu da rabi, kuma a duka ukun ba sa son makaranta ko asibiti ko wurin ibada mai tara jama'a. Wannan ba dokar Najeriya ba ce, kada ku je ofis kuna kafa hujja da ita, mu dai mun are ta ne a matsayin ma'auni muka zana a kan taswirarmu don mu san inda za mu daina ƙarfafa wa mutane gwiwar zuba gini.

Kuma wanda ke ganin kamar tsoratarwa ce ya tuna. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin fasinja na kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, a gona wajen Tungar Madaki, mutum 96 suka rasu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Ranar 21 ga Fabrairu 2021 jirgin sojan sama ƙirar King Air da ya nufi Minna ya samu matsalar inji ya juyo, bai kai titi ba ya faɗi kusa da Bassa, duka mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Duka biyun a fili suka faɗi ba a kan gidaje ba. Na Kano kuwa, jirgin kamfanin EAS na 4 ga Mayu 2002, cikin Gwammaja ya faɗa, mutanen da ke zaune a gidajensu ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka tafi. Gonar da kuke gani a bakin titin jirgi kuna cewa fili ne ya zauna a banza, aikinta kenan, a bar ta gona.

Sai maganar tsawo. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ga babban titi irin wannan ita ce daga bakin titi a kan saitin sauka, duk mita 50 da ka matsa an ƙara maka mita ɗaya ne kacal, wato a kilomita ɗaya kana da wajen mita 20, sannan a kewayen filin har kilomita huɗu kada abu ya haura mita 45. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne daga tsayin titin jirgin ake aunawa ba daga ƙofar gidanka ba, kuma ƙasar Abuja tudu da kwari ce, in filinka a kan tudu yake toh tudun ya riga ya cinye maka wani abu kafin ka ɗora bulo ko ɗaya. Kuma ba hawan bene kawai ake ƙirgawa ba, har tankin ruwa da ke sama da eriya da kuren, wato injin ɗaga kaya, da za a kawo lokacin aiki. Mu ta kan hasumiyar masallaci abin ya zo mana, wani mai hali ya ɗauki nauyin ginin ya ce yana son hasumiya da za a hango daga babban titi, sai da liman da kansa ya zaunar da shi ya ce, "Alhaji ladanka na cikin sahun da za a tsaya, ba a tsawon hasumiya yake ba," aka rage ta aka ƙara faɗin haraba da kuɗin. Kamfanin waya in ya zo neman hayar fili don kafa turke, mai gidan ya ce a nuna masa takardar NCAA kafin ya sa hannu, kwamiti ya ajiye kwafi, kuma ku riƙa lura da jan fitilar da ke ƙololuwar turken, in ta mutu a kira su a gyara a ranar.

Wanda ya fi ba mu wahala kuma aka fi raina shi shi ne tsuntsaye. Tsuntsu ɗaya in ya shige injin jirgi yana iya kashe injin, jirgin yaƙi mai inji ɗaya kuwa sai dai addu'a. ICAO tana ba da shawarar a sa ido kan duk abin da ke tara tsuntsaye har kilomita 13 daga filin jirgi, kaga kenan kusan duk unguwannin hanyar iyafot abin ya shafe mu. Bola a buɗe tana kiran shirwa da hankaka, kwata tana kiran su da ungulu in akwai, kududdufi da tafkin kifi suna kiran balbela, gonar shinkafa da dawa kuma lokacin da suka nuna kun san yadda tsuntsaye ke yi musu rubdugu. Ba za ku hana mahauta sana'arsu ba kuma bai kamata ba, abin da muka yi shi ne muka zauna da Sarkin Fawa aka yarda a riƙa binne tumbi da jini a rami mai murfi kullum kafin azahar, aka daina shanya ƙashi a fili, bola kuma muka ɗauke ta daga kan saitin muka haɗa kuɗin wata-wata ana kwashewa, in ta fi ƙarfinku ku rubuta wa AEPB, hukumar kare muhalli ta Abuja. Hayaƙi ma haka, masu babbaka da taya da masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya, a lokacin hunturu da hazo ya riga ya rufe gari sai a ƙara wa matuƙi wani duhun. Ga kuma na zamani, mai hoton biki ya ɗaga duron, ɗan jirgin nan mara matuƙi, sama, yara su samu 'yar tocilar leza suna haska jirgi da daddare suna dariya, wasan wuta na ƙarshen shekara. Duron sai da izinin NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kusa da bes kuwa ku hana kawai, mu duk mai biki ana gaya masa tun ranar da ya zo neman a rufe layi.

Ƙara ba ta kashe mutum nan take shi ya sa ake cewa an saba, amma malamar firamare za ta gaya maka sau nawa take tsayawa da darasi a rana. Amurkawa suna ɗaukar desibel 65, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, a matsakaicin yini da dare a matsayin inda gidan kwana ya fara zama matsala, kuma jirgin da ya wuce tsakanin 10 na dare da 7 na safe ƙarin maki 10 suke yi masa a lissafi saboda barci. In za a yi sabuwar makaranta ko Islamiyya ko asibitin haihuwa a kai su gefe nesa da jan layin nan na saitin jirgi, kan layin a bar wa masu bulo da gareji da sito da filin ƙwallo. Wanda ya riga ya gina ya yi silin mai kauri kada ya bar kwano tsirara, ya toshe ɓarakar tagogi, ɗakin kwana ya koma ɓangaren da ba ya fuskantar titin.

Toh yanzu zama da sojan. Kada ku tashi ku tafi get a ayari, za a koro ku kuma da gaskiyarsu. Wasiƙa za ku rubuta zuwa ga kwamandan bes a kan takarda mai sunan ƙungiyarku, gajeriya, ku ce ku maƙwabta ne kuna neman ganawa kan tsarin gine-gine da tsaftar muhalli, ku sa sunayen waɗanda za su zo kada su wuce shida ko bakwai, ku kai a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Mu sai da muka yi sati biyar muka sake tunatarwa sannan aka kira mu, kada ku yi fushi. A tawagar dole a samu sarkin 'yan asalin wurin, Gbagyi ne ko Bassa ko Gwandara, shi zai shige gaba don shi ya san inda tsohuwar iyaka take tun kafin a zo da katanga, sai Sarkin Hausawa, liman, fasto, mace ɗaya aƙalla don su ke wuni a unguwar su suka san lokacin da ƙara ta fi yawa, sai safiyonku da taswira a naɗe. Waya ta zauna a aljihu, ba hoto ba bidiyo. Kada ku tambayi jirage nawa suke da su ko ina suke zuwa, ku tambayi abin da ya shafe ku, ina ginshiƙan iyakarsu suke, tazara nawa suke so a bari daga katanga, bene mai hawa nawa ne zai dame su, wa za a kira in an ga wani abu ko in wani abu ya faɗo, ta wace hanya motar kashe gobara za ta shigo mana. Jami'in da ya karɓe mu da ciyaman ɗinmu ya ce, "Yallaɓai mun zo ne mu ji abin da kuke so mu kiyaye," sai ya ajiye biro ya ce shekarunsa a aiki yawanci sai an yi rigima farar hula ke zuwa, ya ja taswirar gabansa ya yi mana alama a wuri uku da hannunsa.

Duk abin da aka faɗa sakatare ya rubuta, ku buga ku aika musu kwafi su ma su ajiye, saboda soja canjin wurin aiki ake musu, wanda kuka saba da shi bana baɗi yana Kainji, sabon da ya zo takarda kawai zai gani. Wannan takardar kuma ku kai kwafinta sashen tsara birane na FCDA, hukumar raya birnin tarayya, da Development Control da ƙaramar hukuma, haka amsar kowane ofis ku kai wa ɗayan, a hankali sai ku ga fayil ɗinku ya zama shi ne wurin da maganar kowa ta haɗu. Ku nemi a riƙa zama ko sau biyu a shekara, ɗaya kafin damina ɗaya kafin hunturu.

Hanyar motar kashe gobarar nan kada ku ɗauke ta da wasa, ita ce ta fi jawo mana faɗa a cikin gida, don kowa so yake ya turo katangarsa taku biyu ko ya manna shago a gaba, kafin ka ankara layin da tifa ke shiga ya koma sai Keke Napep. Mun kafa ƙarafa da siminti a bakin manyan layuka biyu, wanda ya haura a tsayar da lebura tun yana haƙa.

'Yan asalin wurin kuma a yi musu adalci a cikin tsarin, mu baƙi ne muka same su. In gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 diyyar abin da ke kan ƙasar take biya, gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani, ba kuɗin ƙasar kanta ba, kun ga yadda maganar diyyar mutanen Jiwa, waɗanda aikin ya shafi ƙasarsu, ta riƙe aikin titin jirgi na biyu na Abuja har sai da aka zauna da su a 2023. Saboda haka ku taimaka wa manoma su ƙirga mangwaro da kashu da ɗorawa da kaɗanyarsu, a ɗauki hoto da kwanan wata a ajiye tun babu maganar komai. Kuma titi na biyu in ya tabbata wani sabon layi ne zai bi ta kan wasu unguwannin da yanzu suke ganin su ba ruwansu, duk mai shirin sayen fili ta wannan ɓangaren ya tambayi inda zai bi kafin ya biya.

In kun tattara duk wannan sai ku rubuta yarjejeniyar unguwa, shafi biyu ya isa, da Hausa da Turanci, a karanta a masallaci da coci da taron masu gida, kowa ya sa hannu, a liƙa taswirar a ofishin mai unguwa inda duk mai zuwa sayen fili zai gani. Ba ku da ikon rusa ginin kowa kuma kada ku gwada, naku shi ne ku faɗa wa mutum gaskiya da wuri, in ya ƙi ku rubuta wa hukuma. Dillalai za su ji haushinku, ni an daina gaishe ni a wata majalisa kusan shekara, amma na kirkin cikinsu daga baya su da kansu suke turo mai saye ya zo ya duba taswira.

Baban nan na layinmu bai zuba dekin ba. Ya sauke katakon ya sayar da rodin ya rage asara, ƙasan ginin na nan yadda yake yana jiran abin da hukuma za ta ce kan takardun da muka taya shi shigarwa, yana zaune a gidan haya da iyalinsa a bayan kasuwa. Shi ne yanzu mai ajiye taswirar kwamiti. Ran nan na hango shi ya tare wani matashi da ya zo da dillali suna auna wani fili da taku, ya ce masa, "Ɗana, kafin ka ciro kuɗi ba ni lambar fayil ɗin tukuna, gobe da safe mu je AGIS tare, ni zan biya kuɗin mota."